Daga Gadon Majinyaci Zuwa Allo: Koyar da Fiziyoloji ga Ma'aikatan Jinya a Madawa, Buza da Kaita

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake koyar da fiziyoloji, wato ilimin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, ga ma'aikatan jinya da ke hidima a gundumomin Madawa, Buza da Kaita na jihar Tawa. Hujjarta ita ce, ƙa'idojin jinya da suka fi ceton rai a wannan yanki su ne waɗanda suka saɓa wa abin da ido ke nunawa, kuma ma'aikacin da bai san dalilinsu ba shi ne ya fi saurin sakinsu idan aiki ya yi zafi. Maƙalar ta ɗauki tamowa mai tsanani, da ƙarancin jini, da zubar jini bayan haihuwa, ta nuna yadda za a gina darasin a kansu, sannan ta taɓo harshen koyarwa da jarrabawa.

Gabatarwa

A tsarin lafiya na Nijar, majinyaci kan fara da ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, daga nan sai cibiyar lafiya ta CSI, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha da ke Tawa. A mafi yawan cibiyoyin CSI ma'aikacin jinya ne majo. Shi ke duba majinyaci, shi ke rubuta magani, shi ke yanke shawarar wanda za a riƙe da wanda za a tura gaba. Mutanen gari ma likita suke ce masa, kuma ba su yi kuskure ba, domin aikin da ke wuyansa ke nan. Madawa tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ga asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ba nisa. Amma wanda ke bayan duwatsun Adar a Buza ko Kaita, da damina idan ƙorama ta kawo, shawarar da ya yanke a cikin awa ta farko ita ce sau da yawa ta ƙarshe.

Nauyin ya ƙaru tun 2006, lokacin da gwamnati ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta kafu a Madawa bayan yunwar 2005, tana tallafa wa sashen yara da na tamowa. A 2013 Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko da aka fara bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. Duk da haka, tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa, gadaje kan cika har a kwantar da yaro fiye da ɗaya a gado.

Ga inda ake samun tazara. Ɗalibin jinya, a makarantun ENSP na Yamai da Zinder ko a makarantu masu zaman kansu, kan gamu da fiziyoloji a shekarar farko, haɗe da ilimin sassan jiki, da Faransanci, babi bayan babi: zuciya, huhu, ƙoda, hanta. Jikin da ke cikin littafin na baligi ne lafiyayye mai kilo 70. Jikin da zai tarar a gado kuwa na yaro ne ɗan wata 18 mai kilo 7, wanda ya yi kwana uku yana zawo. Tsakanin darasin da gadon akwai shekara biyu ko uku, kuma abin da ke tsallakewa yawanci sunaye ne, dalilai kan zube a hanya.

Me ya sa ƙa'ida kaɗai ba ta isa ba

Akwai masu cewa tunda an rubuta ƙa'idoji, an liƙa su a bango, ba sai ma'aikaci ya san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Tsarin PCIME na kula da cututtukan yara ya ceci rayuka da yawa saboda sauƙinsa: numfashi 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya isa a kira shi numfashi mai sauri. Ba a buƙatar zurfin sanin fiziyoloji kafin a ƙirga.

Sai dai masana zamantakewa na cibiyar LASDEL da ke Yamai, musamman Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna nuna cewa a asibitocinmu akwai ƙa'idar takarda, akwai kuma ƙa'idar da ake aiki da ita, wadda sabon ma'aikaci ke koya daga na gaba da shi. Littafin da ya fitar tare da Yannick Jaffré a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma ya bayyana haka filla-filla. Abin tambaya a nan shi ne, wace ƙa'ida ce ke fara faɗuwa? A ganina, wadda ta yi karo da hankalin yau da kullum. Kowa ya yarda a ba mai zazzaɓi magani. Amma a ce wa ma'aikaci kada ya sa wa yaro ƙarin ruwa alhali yaron ya bushe a ido, ga uwa tana roƙo, ga kaka tana cewa a wancan asibitin da tuni an rataya masa leda, wannan sai wanda ya san abin da ruwan zai yi wa zuciya.

Binciken Linda Aiken da abokan aikinta da ya fito a mujallar Lancet a 2014, kan asibitoci a ƙasashen Turai 9, ya gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan jinya masu digiri yana tafiya da raguwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kusan kashi 7 cikin 100. Turai ce, kuma tiyata ce, don haka ba za a kwaso lambar a ɗora wa Buza ba. Abin da za a iya ɗauka shi ne, zurfin ilimin wanda ke tsaye a bakin gado yana da alaƙa da wanda zai tashi daga gadon.

Yaron da ya bushe a ido

Nan ne ya kamata darasin ya daɗe, domin babu inda fiziyoloji ke bayyana a fili kamar a ɗakin CRENI, inda ake kwantar da masu tamowa mai tsanani. A ƙaddara an kawo yaro mai kilo 7, awon dantsensa bai kai milimita 115 ba, idanu sun faɗa, an ja fatar ciki ta ƙi komawa. Ɗalibin da ya haddace alamun bushewar jiki zai ce wannan ya bushe ƙwarai, a nemi jijiya. Amma a jikin da kitse ya ƙare, ido kan faɗa kuma fata kan saki ko da ruwan jiki bai ragu ba. Alamun biyu da ya dogara da su sun daina faɗin gaskiya. Sai ya koma ga uwa: zawon ruwa ne? Tun yaushe? Idon haka yake tun makon jiya, ko jiya ya faɗa?

Abin da ke faruwa a ciki shi ne jiki ya rage kashe kuzari don ya rayu, kamar magidancin da rumbunsa ya kusa ƙarewa, ya mayar da cin gidan sau ɗaya, ya dakatar da duk hidimar da ba ta zama dole ba. Famfon da ke fitar da sodiyam daga ƙwayoyin jiki yana mayar da fotasiyam ciki yana cin kuzari mai yawa, don haka ya yi sanyi. Sodiyam ya taru a ciki, fotasiyam da magniziyam sun zube. Naman zuciya ya rame, jinin da take turawa ya ragu. Ƙoda ta kasa fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa. Hanta ba ta da ajiyar sukari. Jiki ya kasa riƙe ɗumi, ya kuma kasa yin zazzaɓi ko da ƙwayar cuta na cikin jini.

Idan ɗalibi ya riƙe wannan hoto guda, matakai goma na Hukumar Lafiya ta Duniya sun daina zama jerin hadda, kusan kowanne zai iya fito da shi da kansa. Me ya sa ake ba da ReSoMal maimakon ruwan gishiri da sukari da aka saba? Domin na yau da kullum yana da sodiyam 75 da fotasiyam 20 a ma'aunin milimol cikin lita, ReSoMal kuwa 45 da 40: an rage abin da ya yi wa yaron yawa, an ƙara abin da ya rasa. Me ya sa mililita 5 kacal ga kowane kilo, duk rabin awa, a awa biyun farko? Domin zuciyar ba za ta ɗauki fiye da haka ba. Me ya sa madarar F-75 kafin F-100? Domin abinci mai nauyi farat ɗaya yana tayar da insulin, ya tura fotasiyam da fosfet cikin ƙwayoyin jiki, abin da ya rage a jini ya faɗi, zuciya ta rikice. Me ya sa ba a ba da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a makon farko, ga yaro fari fat? Domin jiki bai shirya amfani da shi ba, ƙwayoyin cuta kuwa a shirye suke. Me ya sa ake ciyarwa duk awa biyu ko uku har cikin dare, a rufe yaro, a manna shi a ƙirjin uwa? Domin sukarin da ya sauka ƙasa da milimol 3 da ɗumin hammata da ya sauka ƙasa da digiri 35 tare suke tafiya, kuma da asuba suka fi kisa. Wanda ya kwana a Kaita cikin ɗarin Janairu ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Akwai lissafi guda da nake ganin bai kamata ɗalibi ya bar makaranta bai yi shi da hannunsa ba. Jinin ƙaramin yaro kusan mililita 80 ne ga kowane kilo. Mai kilo 7 ke nan duk jinin jikinsa bai wuce mililita 560 ba. Ledar ƙarin ruwa mililita 500 ce. A ɗaga ledar a gaban aji, a ce wannan ita ce kusan duk abin da ke zagayawa a jikin yaron. Idan har ya shiga halin da dole a sa masa ruwa ta jijiya, wato hannu ya yi sanyi, bugu ya yi rauni da sauri, hankali ya gushe, ƙa'ida ta ce mililita 15 ga kilo cikin awa ɗaya. Mililita 105 ke nan, ɗigo 35 a minti da igiyar da ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya, kuma ana ƙirga numfashi da bugu duk minti 5 zuwa 10. Numfashi ya ƙaru, jijiyar wuya ta cika, hanta ta sauko, a rufe. Ledar da aka bari a buɗe aka tafi wani gado tana iya ƙarewa kafin a dawo.

Ya dace a gaya wa ɗalibai labarin binciken FEAST da Kathryn Maitland ta jagoranta a Uganda da Kenya da Tanzaniya, wanda ya fito a 2011. Yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani da raunin zagayawar jini aka raba rukuni-rukuni. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, kusan kashi 10.5 cikin 100 suka mutu cikin awa 48, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa kashi 7.3. Ba a sa masu tamowa mai tsanani ko masu zawo a binciken ba, dole a faɗi haka, kada wani ya hana mai kwalara ruwan da zai cece shi. Amfaninsa a aji shi ne ya nuna cewa manyan likitoci ma sun yi shekaru suna bin abin da ya yi kama da hankali, har awo ya ƙaryata su. Fiziyolojin da muke koyarwa dole ya zo da wannan tawali'u.

Na'ura ta ce 98

Na'urar awon oksijin ta yatsa ta yaɗu a asibitocin gunduma, musamman bayan annobar korona, kuma alheri ce. An koya wa kowa cewa ƙasa da 90 a sa oksijin. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne me lambar take aunawa. Tana faɗin kashi nawa na himogulobin ɗin da ke akwai ya ɗauki oksijin, ba ta faɗin ko himogulobin ɗin nawa ne. Kowane giram yana ɗaukar kusan mililita 1.34. Yaro mai ciwon huhu da himogulobin 12 da awo 85 yana da kusan mililita 13.7 na oksijin a kowace desilita ta jini. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da himogulobin 4 da awo 98 yana da kusan 5.3. Na biyun ne ya fi kusa da mutuwa, kuma shi ne na'ura ta wanke. Jini yake buƙata, sai a duba tafin hannu da cikin fatar ido, a auna, a fara neman wanda zai bayar tun kafin dare.

Haka numfashi mai zurfi da ake gani a zazzaɓi mai tsanani. Ana yawan ɗaukarsa ciwon huhu, alhali huhun lafiya lau yake, jini ne ya yi tsami saboda naman jiki bai samu oksijin ba, huhu na ƙoƙarin fitar da iskar kabon don ya rage tsamin. Shi ma yaron da ya suma, kafin a ce zazzaɓi ya hau kai, a auna sukari. Ƙwayar cutar na cin sukari, yaron bai ci abinci ba, idan kuma kinin aka ba shi, kinin na tayar da insulin. Tun binciken AQUAMAT na 2010, wanda ya nuna atesunet ya rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 a kan kinin, an koma atesunet, amma duk ranar da ya yanke aka dawo ga kinin, tsohon haɗarin na nan.

Mai jego

A nan zan taƙaita. Jinin mai ciki kan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, jijiyoyinta kuma kan matse idan ta fara zubar da jini, don haka awon hawan jini kan zauna daidai har sai ta yi asara mai yawa. Bugun zuciya ne ke fara magana. Idan adadin bugu a minti ya kamo lambar sama ta awon jini ko ya wuce ta, a tashi tsaye, ko da matar tana hira. Nijar ta yi abin a zo a gani da shirinta na ƙasa na misoforostol, da balan-balan ta cikin mahaifa, da rigar matse jiki, wanda sakamakonsa ya fito a Lancet Global Health a 2023. Amma duk matakan suna jiran mutum guda ya gane cewa lokaci ya yi. Haka allurar magniziyam ga mai jijjiga: ƙoda ce ke fitar da ita, saboda haka fitsarin da bai kai mililita 30 a awa ba gargaɗi ne cewa maganin na taruwa, kuma gwiwa kan daina harbawa kafin numfashi ya tsaya. Wanda ya san wannan jeri ba zai ɗauki bugun gwiwa a matsayin al'adar cika takarda ba.

Yadda za a juya darasin

Shawarata ita ce a fara kowane babi da majinyaci, a ƙare da shi. Ba sabon abu ba ne, jami'ar McMaster ta Kanada ta fara irinsa tun 1969. Amma ba lallai mu kwaikwayi tsarinsu na ƙananan rukunai da ɗakin karatu cike da littattafai ba, domin ajinmu babba ne, malami ɗaya ne. Abin da za mu iya shi ne malami ya karanta labarin yaron, ya tsaya, ya ce kowa ya rubuta abin da zai faru da numfashi idan aka buɗe leda, sannan maƙwabta su yi gardama minti biyu kafin a ba da amsa. Hasashen da ɗalibi ya yi ya faɗi ya fi zama a kai fiye da shafi goma na shifta.

Ɗakin gwaji kuma jikin ɗaliban ne. Su auna bugu da awon jini a kwance da a tsaye. Su zagaya fili a guje su ƙirga numfashi. A watan azumi, idan ya faɗo cikin bazara, masu azumi su kwatanta launi da yawan fitsarin safe da na la'asar, darasin ƙoda ya gama kansa. Agogo da ma'aunin zafi da abin awon jini sun isa, gani kuwa ya kori ji.

Sannan a daina sallamar fiziyoloji a ƙarshen shekarar farko. A rage abin da ake cusawa a farko, a dawo da shi a shekara ta biyu da ta uku, a gefen gado, lokacin da ɗalibi ya ga abin da ake magana a kai. Asibitin Madawa a watan Satumba makaranta ce da babu kamarta, muddin an ware wa ɗalibi wanda zai tambaye shi dalili, ba a mayar da shi ɗan aike ba. Ga waɗanda ke bakin aiki a Buza da Kaita, ziyarar sa ido da hukumar lafiya ta gunduma ke kaiwa CSI tana iya ɗaukar minti 15 na tattauna majinyaci guda, bayan an gama duba rajista.

Batun harshe ba ƙarami ba ne. Da Faransanci ake koyo, da Hausa ake jinya, a wasu garuruwan Kaita da rugage kuma da Tamashek ko Fulatanci. Ɗalibi na iya maimaita jimlar littafi daidai bai fahimce ta ba, amma ba zai iya yi wa uwa bayani da Hausa ba sai ya fahimta. A CRENI uwa ce ke riƙe da kofi da dare. Idan ba a gaya mata cewa zuciyar ɗanta ta gaji, ruwa da yawa zai shaƙe shi ba, za ta ga rowa ake yi masa, ta ƙara masa a ɓoye, ko ta ɗauke shi ta tafi. Don haka bayanin dalili ga mai jinya da harshenta ya zama sashe na darasin, mai maki.

Jarrabawa

Ɗalibai abin da za a tambaye su suke karantawa. Muddin tambayar ita ce a lissafo ayyukan hanta guda biyar, hadda za su yi, komai kyan sabon tsarin. George Miller ya bambanta matakai huɗu a 1990: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, da aikatawa a bakin aiki. Jarrabawarmu ta fiziyoloji ta tsaya a na farko. Tsarin tashoshi da Ronald Harden ya gabatar a 1975 yana kai mu na uku, kuma ba ya buƙatar mutum-mutumi mai tsada. Tebur guda, 'yar tsana mai ɗauke da takardar nauyi, leda da igiyarta, da takardar sa ido da aka cike layi uku inda numfashi ya tashi daga 44 zuwa 52. Malami ya zauna a matsayin uwa. A ba ɗalibi minti 7 ya faɗi abin da ke faruwa, ya yi abin da ya dace da igiyar, ya yi wa uwar bayani. Wanda ya bar ledar a buɗe ya sake tashar, ko da ya cinye duk makin rubutu.

A matakin gunduma kuma akwai abin aunawa da ba ya buƙatar kuɗin kowa: takardun sa ido na yaran da suka rasu cikin awa 48 na farko. A duba ko an rubuta numfashi da bugu lokacin da ruwa ke shiga, ko an auna sukari da ɗumi da dare, ko an nemi himogulobin kafin a sa oksijin a tafi. A yi wannan zama ba tare da kiran sunan kowa ba, in ba haka ba takardun wata mai zuwa za su fito tsaf, a cike da lambobin da ba a auna ba. Gurbin da aka fi samu a wofi shi ne babin da makarantar da ta turo ma'aikatan za ta sake koyarwa, kuma ya kamata hukumomin lafiya na Madawa da Buza da Kaita su riƙa aika mata da shi a rubuce duk ƙarshen damina.